Mabuɗin Bazara

Tsutsar ta fara ne daga kunyar da ke kusa da rijiya. Ranar Asabar Nazira ta ga ganyen kuɓewa uku a naɗe kamar sigari, ta warware ɗaya, ta tarar da wata koriyar aba a ciki tana cin abincinta, ba ta ko ɗaga kai ba. Ranar Litinin kunya biyu sun naɗe. Ranar Talata da sassafe ta tsaya a bakin filin ta yi lissafin da aka koya mata a makarantar noma ta Marwa: in aka bar su haka, zuwa Juma'a ko Asabar babu abin da zai rage sai kara.

Filin na mahaifiyarta ne, Salamatu, ɗaya daga cikin filaye arba'in da biyu na ƙungiyar masu lambu da ke gangaren Binuwai, bayan Jambutu. Bara ciwon gwiwa ya hana Salamatu fita, filin ya shekara ba a cire ko ganyen miya a cikinsa ba. Dokar ƙungiya kuwa ta ce filin da ya yi shekara biyu a jere bai ba da amfani ba, a karɓe a ba na gaba a layi. Ƙarshen Yuni ake zagayen dubawa, yau kuma ashirin ga Mayu ta wuce, sabon iri ba zai kai ba. Na gaba a layi wani tela ne, Gaston, wanda tun da ya ji labarin tsutsa yake zuwa kullum da safe ya tsaya a bakin danga, hannu a baya, yana kallo kamar mai duba gidan da zai tare.

Magani ba shi ne matsala ba. Nazira ta daka 'ya'yan darbejiya, ta jiƙa, ta tace, ta zuba ɗan sabulu, jarka biyu cike. Ta gwada yayyafawa da tsintsiya, ruwan ya zauna a bayan ganye, tsutsa tana ciki a bushe. Fanfon feshi ake bukata. Na maƙwabta duk an yi feshin maganin ciyawa da su, in ta ara kuɓewar za ta kashe da hannunta. Ƙungiya tana da fanfo guda, shuɗi, mai ɗaukar lita goma sha shida, yana cikin magaza, ɗakin ajiyar nan na kwano da ke tsakiyar lambu. Magazar a kulle take. Mabuɗin kuwa yana rataye a ƙusa, a jikin darbejiyar da ke gaban ƙofar, kowa yana ganinsa, iska tana ɗan kaɗa shi.

A ƙarƙashinsa, a kan benci, kwamitin ƙungiya yana zaune, mutum uku. Alhaji Lukmanu, tsohon mahauci da ya bar wa 'ya'yansa rumfa ya koma noman albasa. Théodore, mutumin dutse daga ƙasar Mokolo, mai tumatir da barkono. Sai Élisabeth, sakatariya, da littafin doka a cikin leda a kan cinyarta.

"Ina kwana, Baba Lukmanu. Bonjur, Papa Théodore. Mama, an tashi lafiya?"

"Jam, jam. Injiniya ce da sassafe," in ji Lukmanu. Ya juya ya ci gaba da maganar da ta katse. "Jiya da la'asar ka ga hadarin da ya taso ta Pitowa?"

"Na gani," in ji Théodore. "Har matata ta kwashe shanya. Ya zo daidai gada, ya tsaya, ya yi tunani, ya koma."

"Garin Maga aka kai shi. Ɗan ƙanwata ya bugo waya, ya ce a can har kifi ya gaji."

"Da safe sanyi, da rana wuta. Shekaranjiya na fito da rigar sanyi, na koma gida da ita a ka."

"Amma tururuwa ta fara kwashe ƙwai," in ji Élisabeth.

"Tururuwar bana ba abin yarda ba ce. Tun farkon wata take kwashewa, tana dawowa da su."

Nazira ta jira sai da tururuwa ta gama kai da kawowa, sannan ta ce, "Fanfo nake so. Tsutsa tana cinye kuɓewar Inna."

Duka ukun suka ɗaga kai suka dubi mabuɗin, suka sauke.

"Mai naɗe ganye ce?" Théodore ya tambaya.

"Ita ce."

"Ai ta iya aiki. In ka ga naɗin, tela ba zai yi ba." Ya ɗaga murya zuwa danga. "Ba da kai nake ba, Gaston."

"Papa, wa zai buɗe mini?"

Élisabeth ta zare littafin daga leda. Ba ta bukatar dubawa, amma ta duba. "Sashe na huɗu. Da rani mabuɗin magaza yana hannun mai mabuɗin rani. Da damina yana hannun mai mabuɗin damina. Sashe na biyar. Damina tana shiga da ruwan kirki na uku. Ruwan kirki shi ne wanda in an tona gindin darbejiya da hannu, laima ta kai wuyan hannu."

An rubuta wannan doka shekara ashirin da suka wuce, don kada a ce an ba masallaci mabuɗi an hana coci. Aka raba shekara biyu, Lukmanu ya ɗauki rani, Théodore ya ɗauki damina, kowa ya tafa. Ba wanda ya tambayi sama ko ta sa hannu.

"An yi biyu," in ji Élisabeth. "Na tara ga wata da na sha huɗu. Rigimar a kan na ranar Asabar ce."

"Babu rigima," in ji Lukmanu. "Ranar Asabar ina cikin albasata ruwa ya sauko, ya jiƙa ni har aljihu. Na zo nan gaban mutane na ce rani ya ƙare, na rataye mabuɗi. Yanzu in koma in ɗauka? In ce ban jiƙe ba?"

"Ni kuma ina cikin barkonona, taku talatin daga wajensa," in ji Théodore. "Ruwan ya zo bakin kwatar nan ta tsakiya ya tsaya cak. Ina kallonsa yana jiƙewa, ni ina gumi. Na zo na tona gindin bishiya, laima ba ta wuce farce ba. In karɓi mabuɗin damina da rani? Me zan gaya wa Allah?"

"To yanzu wane lokaci muke ciki?"

"A filina damina," in ji Lukmanu.

"A nawa rani."

"A na Inna fa?"

Tambaya ce mai kyau. Filin Salamatu kwatar ta ratsa shi ta tsakiya.

Nazira ta nuna darbejiyar. "Papa, ƙarƙashin bishiya kuke aunawa. Ganye yana tare ruwa. A duk lambun nan babu wurin da ya kai nan bushewa."

"Shi ya sa aka zaɓe shi, ma fille. In ya kai nan, ya kai ko'ina."

"Baba, ɗauko mabuɗin ka buɗe mini minti biyar, ka mayar. Ba wanda zai mutu."

"Minti biyar na rani a tsakiyar damina?" Lukmanu ya girgiza kai. "Ku 'yan lakwal, masu boko, kome sai ku ce mai sauƙi ne."

Ta miƙa hannu wajen ƙusar. Élisabeth ba ta ɗaga murya ba. "Sashe na goma sha ɗaya. Wanda ya taɓa mabuɗi ba shi ne mai shi ba, ya bar ƙungiya, ya bar filinsa."

A bakin danga Gaston ya matso taku ɗaya. Nazira ta mayar da hannunta.

Ta yini tana cire tsutsa da yatsa. Ta cika gwangwanin tumatir biyu, ta zuba wa kajin maƙwabta. Kafin la'asar kunya ta huɗu ta fara naɗewa.

Ranar Laraba ta zo da shiri. Ta zo da wayarta, da kwalbar awon ruwan da ta kafa a filin tun farkon wata, da takarda mai layi-layi. Kwamiti yana nan inda ta bar shi, sai dai yau zancen fara ake yi.

"Babe ɗaya na gani a kan albasata, ƙato, ya kai ɗan yatsa," Lukmanu yake cewa. "Na kore shi, ya tashi ya sauka a kan gwiwata, yana kallona."

"Ya san ka bar yanka ne," in ji Théodore.

"Ni ƙadandoniya ce ta dame ni," in ji Élisabeth. "Ta fito tana zaton damina ce, rana ta buɗe, ta rasa hanyar komawa. Biyar na tsinta a bakin rijiya, duk a nannaɗe, sun yi fushi."

Nazira ta ajiye kwalbar a kan benci. "Ranar Asabar milimita goma sha ɗaya aka yi a rabin filinmu. Ga shi a rubuce. Kuma meteyo, hasashen yanayi na waya, ta ce gobe akwai ruwa, kashi sittin cikin ɗari."

Lukmanu ya karɓi wayar, ya riƙe ta nesa da ido. "Sittin. Ka ji ko, mutumin dutse? Sittin ɗin nawa ne, arba'in ɗin da ba za a yi ba naka."

"Wayar nan tana da hannu?" Théodore ya tambaya.

"Ba ta da shi."

"To da me za ta tona?"

A nan Nazira ta fashe. Ta ce shekara ashirin suna zaune a kan benci ɗaya suna gaishe da hadari. Ta ce a Marwa mata sun haɗa kai suna feshi rana ɗaya, tsutsa ba ta samun wurin gudu, su kuma nan an rataye abincin gida arba'in da biyu a ƙusa ana hirar babe. Ta ce yalon Mama Élisabeth ma ya fara yanƙwanewa, ƙwari sun cika bayan ganyensa, kowa ya gani, kowa ya ce sannu. Ta ce damina ta canza, yanzu tana zuwa ta koma sau uku kafin ta zauna, dokar da ba ta san haka ba takarda ce kawai. Ta yi magana har muryarta ta shaƙe.

Suka saurara da natsuwa. Da ta gama Lukmanu ya ce, "Kai, makaranta ba ƙarya ba ce." Théodore ya matsa mata wuri a benci.

Ba ta zauna ba. "Ku da kanku kun san ba rani ba ne, ba damina ba ce. Bazara ce. Kowace tsohuwa a kasuwa ta san bazara ce. Zafi, hadari, ruwa yau, babu gobe."

"Bazara ce kam," in ji Lukmanu.

"Bazara ce," in ji Théodore. Suka dubi juna da mamakin sun yarda da abu ɗaya.

Élisabeth tana ta buɗa shafi. "Babu bazara a nan. Da Faransanci aka fara rubuta dokar, daga wata takarda da aka kawo daga Yawunde. Can lokaci biyu suka saka mana."

"To wa yake riƙe mabuɗi da bazara?"

"Babu kowa."

"Kujera ce ke nan babu mutum a kai," in ji Lukmanu a hankali.

Élisabeth ta lashi yatsa ta buɗa shafi biyu. "Sashe na goma sha uku. In kujera ta zama babu kowa a kai, kwamiti yana iya naɗa wani ba sai an tara jama'a ba." Ta ɗaga kai. "Wannan kuwa shekara ashirin babu kowa a kanta. Ban taɓa ganin kujerar da ta kai ta zama babu kowa ba."

Nan take aka yi zaɓe. Hannu uku suka tashi. Élisabeth ta rubuta: Nazira 'yar Salamatu, mai mabuɗin bazara, daga yau har ruwan kirki na uku. Gaston ya ce daga bakin danga wannan maguɗi ne. Aka tuna masa shi ba mamba ba ne tukuna, sai ya samu fili zai samu baki.

Saura miƙawa. Doka ta ce mai barin mabuɗi shi yake miƙa wa mai karɓa, hannu da hannu. Lukmanu ya ce shi ya riga ya bari tun Asabar, ba zai taɓa ba. Théodore ya ce lokacinsa bai zo ba. Nazira ta ce ai yanzu nata ne, bari ta ɗauka; Élisabeth ta ce ba nata ba ne sai an miƙa mata. Aka yi rabin awa a kan wannan, a tsakiya har aka ɗan koma zancen wata guguwa da ta ɗauke hular limamin unguwa ranar Lahadi ta ajiye a kan coci. Daga ƙarshe Élisabeth ta tashi, ta ce ƙafarta ta yi tsami, ta buɗe lemarta a daidai gindin bishiyar. Bakin lemar ya zunguri mabuɗin, ya faɗo ƙasa.

"Af," in ji ta. "Wani ya yar da abu."

"Abin da ke ƙasa na wanda ya tsinta ne," in ji Lukmanu, yana kallon sama.

Nazira ta tsinta.

Fanfon yana nan a kusurwa, ƙura ta rufe shi. Zanzaro ya yi gini a bakin bututun, robar ciki ta bushe. Ta ƙare yammacin tana wankewa, tana sokawa da tsinke, tana shafa mai. Sai da rana ta kusa faɗuwa ya fara fesa ruwa sosai.

Ranar Alhamis tun kafin rana ta yi zafi ta goya shi. Ta bi kunya goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, tana cusa bakin bututun ƙarƙashin ganye, tana buɗa naɗin da ɗan yatsa. Warin darbejiya ya cika filin. Jarka ɗaya ta ƙare daidai ƙarshen kunya ta ƙarshe. Ta miƙe, ta dafa ƙugu, a karo na farko cikin kwana shida ta ji numfashinta ya sauka har ciki. Sai wani sanyi ya taɓa mata wuya.

Wannan hadarin bai tsaya a gada ya yi tunani ba. Ya zo da iska, ya kwantar da dangar wani, ya zuba ruwa awa ɗaya da rabi, a filin Lukmanu da na Théodore da kwatar da ke tsakaninsu. Nazira ta fake a ƙofar magaza, fanfo a bayanta, tana kallon maganinta yana gangarowa daga ganye, yana bin kwata zuwa Binuwai.

Da ruwa ya ɗauke kwamiti ya fito daga rumfar da ya fake. Théodore ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a gindin darbejiya, ya tona. Hannun ya shige har gwiwar hannu.

"Damina," in ji shi.

"Na gaya maka tun Asabar," in ji Lukmanu.

Élisabeth ta rubuta, sannan ta dubi Nazira. "Bazara ta ƙare, ma fille. Kin riƙe kujera da amana. A miƙa."

Kwana ɗaya da 'yan awoyi ta yi a kan mulki. Ta ciro mabuɗin daga bakin zanenta ta miƙa wa Théodore, hannu da hannu. "Papa, ruwa ya wanke kome. Jarka ɗaya ta rage mini. Gobe da safe ka buɗe mini in sake."

"Gobe ai ina dutse."

"Wane dutse?"

"Gida. Ruwa na uku ya sauka, shukar dawa ba ta jira. Motar Mokolo ƙarfe biyu take tashi, jakata tana ajans, tashar mota, tun makon jiya." Ya zura mabuɗin a wata igiya ya rataya a wuya. "Sai an yi girbi, in Allah ya yarda. Nuwamba."

"Da mabuɗin za ka tafi?"

"Sashe na huɗu ya ce a hannuna."

Nazira ta dubi Lukmanu, ta dubi Élisabeth. "Kowace shekara haka ake yi?"

"Kowace shekara."

"Wato shekara ashirin ba a taɓa feshi da damina a lambun nan ba?"

"Da damina ai ruwa wanke magani yake yi, 'yata," in ji Lukmanu. "Ke ma yanzu kin gani da idonki."

Théodore ya riƙe ƙofar magaza a buɗe. "Kawo fanfon in kulle, kada mota ta bar ni."

Nazira ta kai hannu kafaɗa za ta zare igiyar, sai ta tsaya. "Mama, me doka ta ce a kan mayar da kaya?"

"Sashe na bakwai. Mai aiki yana mayar da kayan aiki magaza da zarar ya sauke su."

"Ban sauke ba."

"Za ki sauke ai."

"Ban gama aiki ba." Ta je wajen rijiya, ta durƙusa ba tare da gindin fanfon ya taɓa ƙasa ba, ta sa wata mai yakuwa ta juye mata jarka ta biyu a ciki. Ta dawo ta tsaya gaban benci, lita goma sha shida a bayanta.

Théodore ya duba agogo. Sha biyu saura kwata. Ya zauna. "Ba kome. Na ga masu taurin kai. Ni na goyi buhun dawa daga gindin dutse zuwa samansa, na san lokacin da baya yake cewa ya isa."

Suka zauna jiranta. Da yake jira ba ya yiwuwa da baki a rufe, aka koma hira.

"Wannan ruwan zai fito da gyare," in ji Lukmanu.

"Da sauro."

"Sauron bana ai bai tafi ba balle ya dawo. Ranar nan ɗaya ya cije ni ta cikin babbar riga."

"Ka ga rana ta sake buɗewa? Kamar ba ita ba."

"Kafin la'asar za ka nemi inuwa. Garwa ke nan. Da safe sanyin Ngawundare, da rana zafin Kusiri."

Igiyoyin suka fara cin kafaɗar Nazira. Ƙasa ta fara tururi, rigarta ta manne. Sha biyu da rabi ta wuce. Masu lambu suka fara taruwa, kowa da fartanya a kafaɗa, suna kallo. Gaston ya samo dutse ya zauna a bakin danga. Ƙarfe ɗaya ƙafafunta suka fara rawa, ta buɗa su ta kafe. Ta so ta sake yi musu jawabi, ta ga numfashin ya fi amfani a wani wuri.

Sai aka kira sallar azahar daga masallacin bakin hanya.

Lukmanu ya tashi yana gyara hula. Bai yi dariya ba, har da ɗan tausayi a muryarsa. "To, injiniya. An kira. Da fanfo a baya ba a sujada."

Nazira ta waiwaya. Ta dubi filin Inna, inda ganyen da ruwa ya wanke yake sheƙi, naɗin yana nan yadda yake. Ta dubi Gaston, wanda ya miƙe tsaye. Ta kai hannu ga igiyar kafaɗar dama.

"Tsaya," in ji Élisabeth.

Ta mayar da littafin cikin leda, ta ƙulle, ta ajiye a kan benci. Ta tashi, ta ɗaure zanenta tamau, ta zo ta juya wa Nazira baya, ta ɗan duƙa kamar mai shirin goyo.

"Zare hannu ɗaya tukuna. A hankali. Kada ya taɓa ƙasa."

"Élisabeth," in ji Théodore, "ke ce fa sakatariya."

"Ni ce. Shi ya sa na san ba a sauke ba. Ka ga an sauke?" Fanfon ya koma bayanta, ta gyara shi da kafaɗa sau biyu. "Yalona saura kwana nawa ya mutu, kuna nan kuna ba ni labarin babe. Je ki yi sallarki, ma fille. In kin dawo ki nuna mini inda ake matsawa."

Théodore ya dubi agogo, ya dubi fanfon, ya dubi Lukmanu. Lukmanu ya ce shi da damina ba shi da ta cewa, ya wuce masallaci. Ƙarfe ɗaya da rabi Théodore ya ja ƙofar magaza, ya kulle ta a kan tsohon buhu da shebur mara ƙota, ya jijjiga kwaɗon sau biyu ya tabbatar ya kama. Ya yi sallama da kowa, ya yi wa kuɓewar Salamatu fatan alheri da zuciya ɗaya, ya tari ɗan moto.

"In rana ta faɗi fa?" Nazira ta tambayi Élisabeth da ta dawo. "Da shi za mu kwana?"

"Dokarmu iyakarta danga. In kin fita ƙofar lambu, abin da kika yi da bayanki ba ruwan littafi."

Ranar Juma'a da sassafe Nazira ta shigo lambu da fanfo a goye, cike da sabon jiƙon darbejiya, ta sake feshi. Ba a yi ruwa ba sai Litinin. Kunya biyar sun riga sun tafi, bakwai suka farfaɗo, suka yi sabon ganye, suka yi fure. Kafin mako ya zagayo an yi layi: mai yakuwa da safe, mai tattasai da hantsi, wani mai kankana bayan la'asar. A cikin danga fanfon bai sake taɓa ƙasa ba. Daga baya zuwa baya yake tafiya, mai karɓa ya duƙa, mai bayarwa ya zare hannu ɗaya tukuna. Wata rana mai tattasai ya yi tuntuɓe, mutum huɗu suka yi kansa, aka tare fanfon, shi aka bar shi ya faɗi.

Ranar dubawa, ƙarshen Yuni, Élisabeth ta tsaya a bakin filin Salamatu da littafinta. Nazira ta tsinko kuɓewa ta cika kwando a gabanta. Élisabeth ta rubuta: ya ba da amfani. Gaston ya tambaya ko akwai wani filin da tsutsa ta kama, aka ce masa bana kam babu, ya koma shagonsa.

Nazira ta ce tunda an taru, tana da shawara: a gyara sashe na huɗu, a yanka mabuɗi na biyu, a huta da wannan goyon.

"Shawara ce mai kyau," in ji Lukmanu. Ranar layinsa ce, yana zaune a can bakin benci, fanfon yana lilo a bayansa don kada ya taɓa katako. "Amma gyaran doka sai kwamiti ya cika. Mu jira Nuwamba."

Nazira ta dubi fanfon da ke bayansa. Ta ɗauki kwandonta ta tafi gida.

Salamatu tana zaune a tabarma, ƙafa a miƙe. Ta jawo kwandon, ta ɗauki kuɓewa ɗaya, ta karya bakinta da babban yatsa, ta ji ta karye ƙas.

"Ɗanya ce," in ji ta. "Sai dai ƙanana. Filin fa?"

"Yana nan da sunanki, Inna."

"To ɗauko mini wuƙa da faranti."